Shin ƙurajen tsiron poison ivy suna yaɗuwa daga mutum zuwa mutum?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin lafiya da ke cikinmu, domin gardama ta kaure a wurin aikinmu kuma har yanzu ba a rabu ba. Muna aikin gyaran lambuna da sassabe a jihar Bajiniya ta Amurka, kuma ɗaya daga cikin abokan aikinmu ya taɓa tsiron nan mai ganye uku-uku da Amurkawa ke kira poison ivy. Hannuwansa duka biyu sun feso da ƙuraje masu ruwa, layi-layi, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Waɗansu ma'aikata sun ƙi shiga mota ɗaya da shi, sun ce ruwan ƙurajen yana kama duk wanda ya taɓa shi. Hujjarsu ita ce a hannu abin ya fara, amma bayan kwanaki ya fito masa a ciki da ƙwauri, wuraren da tsiron bai taɓa ba, saboda haka dole ruwan ne yake yaɗa shi. Raina bai kwanta da yadda aka ware shi ba, sai dai ba ni da abin da zan rushe hujjarsu da shi.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni a ganina abokan aikinka suna da gaskiya, domin irin wannan ya taɓa faruwa a gidana. Maigida ne ya sassabe ciyayin da suka kanannaɗe shinge, ƙuraje suka fito masa, kuma ba a jima ba suka fito mini tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, alhali ƙafata ba ta taka wurin ba. Idan ba daga jikinsa na ɗauka ba, to daga ina?

Ma'aikaciyar Jinya:
Hajiya, kafin in ce komai ina so in tambaye ki abu ɗaya. Wane ne ya kwashe tufafin da maigida ya yi aikin da su ya kai wanki?

Maman Biyu:
Ni ce, Sista. Rungumo su na yi a hannu na zuba a injin wanki.

Ma'aikaciyar Jinya:
To a nan kika ɗauka, ba a jikinsa ba, kuma wurin da ƙurajen suka fito miki shi ne shaida, domin daidai inda tufafin suka kwanta a hannunki ke nan. Abin da ke jawo wannan ciwo wani maiƙo ne da ke cikin ruwan tsiron, ana kiransa urushiyol, kuma yana cikin ganyen da reshen da saiwar da 'ya'yan baki ɗaya. Da zarar an murje ganye ko an karya reshe sai ya fito, ya manne a duk abin da ya taɓa: tufa, takalmi, safar hannu, ƙotar shebur, sitiyarin mota, har da gashin kare. Ba ya bushewa ya tafi da kansa yadda ruwa ke yi. Hukumar NIOSH, wadda ke kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, ta yi gargaɗi cewa yana iya zama da ƙarfinsa a jikin kaya har shekara 5 idan ba a wanke ba.

Shi kuwa ruwan da ke cikin bororon, ruwan jikin mutum ne da ya taru a ƙarƙashin fata saboda kumburi, kuma babu ko ɗigon urushiyol a cikinsa. Saboda haka, Malam Mai Lambu, muddin abokin aikinka ya yi wanka da sabulu ya sauya tufafi, ana iya gaisawa da shi hannu da hannu, a zauna kusa da shi, babu abin da zai kama kowa. Abin da ya kamata ma'aikatan su ji tsoro shi ne safar hannun da ya yi aiki da ita, da almakashin datse reshe, da kujerar da ya zauna a kai ranar da abin ya faru, kuma ina kyautata zaton waɗannan babu wanda ya ƙaurace musu.

Mai Lambu:
Gaskiya ne, Sista, kayan aikin kowa yana ɗauka yadda aka saba. Amma batun fitowar ƙurajen a ciki da ƙwauri daga baya fa? Wannan ce hujjar da suka fi riƙewa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Dalili biyu ne suke kawo haka. Na farko, fata ba kaurinta ɗaya ba, kuma yawan maiƙon da ya sauka a kowane wuri ba ɗaya ba ne. Inda fata take da laushi, kamar cikin wuyan hannu da wuya da fatar ido, ko inda maiƙon ya sauka da yawa, nan ƙuraje ke fara fitowa. Inda fatar ta fi kauri ko maiƙon ya yi kaɗan, sai a yi kwanaki kafin a ga komai, ko da yake a rana ɗaya aka taɓa duka wuraren. Tafin hannu ma sau da yawa ba ya nuna komai saboda kaurinsa, alhali shi ne ya kwashi maiƙon ya kai shi ciki sa'ad da mutum ya gyara wando, ya kai shi fuska sa'ad da ya share gumi. Na biyu, mutum yana iya ci gaba da shafar sabon maiƙo ba da saninsa ba daga igiyar takalmi, ko bel, ko ƙarƙashin farce. Wanda ƙurajensa suka ƙi ƙarewa bayan makonni, a binciki kayansa kafin a zargi jininsa.

Malamin Kimiyya:
Bari in ƙara a kan bayanin Sista, domin fahimtar yadda abin ke aiki a jiki ita ce ke warware yawancin gardamar. Urushiyol ba ya ƙona fata da kansa. Yana ratsa saman fata ne ya liƙe da sinadaran furotin da ke jikin ƙwayoyin fatar, sai kamanninsu su sauya, garkuwar jiki ta ɗauke su a matsayin baƙi ta far musu. Waɗanda ke jagorantar harin su ne fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, kuma suna buƙatar lokaci kafin su taru a wurin. Shi ya sa mutum ke taɓa tsiron yau bai ji komai ba, sai bayan awa 12 zuwa 72 ƙaiƙayi ya taso. Wanda kuwa bai taɓa haɗuwa da shi ba, karon farko yana iya ɗaukar mako biyu zuwa uku, ko ma kada a ga komai, domin a lokacin ne jikin yake haddace maiƙon. Ciwon da ake gani, ke nan, aikin garkuwar jikin mutum ne a kan fatarsa. Barewa da awaki suna cin ganyen lafiya lau, tsuntsaye suna cin 'ya'yan su watsa irin a ko'ina, wanda shi ne dalilin da ya sa tsiron ke yawan fitowa a gindin shinge da ƙarƙashin itatuwa inda tsuntsaye ke sauka.

Dattijon Zaure:
Malam, na ji bayaninka, amma gani ya kori ji. Tun da na zo ƙasar nan na sha tuge wannan tsiro da hannuna ba tare da safa ba, kuma ko sosa hannu ban yi ba. Ni a tunanina fatarmu ta saba da abin da ya fi wannan. Wanda ya san karara, wadda kafin ka ɗaga hannu jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, ba zai ji tsoron ganyen da sai ya yi kwana biyu yana shawara kafin ya yi aiki ba.

Malamin Kimiyya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ina roƙon ka daina. Karara da wannan tsiro hanyarsu daban ce. Ita karara ƙananan gashi ne a jikin kwanson 'ya'yanta suke soke fata su zuba sinadarin da ke tayar da ƙaiƙayi nan take, kowa ta taɓa sai ya ji, kuma abin yana lafawa cikin ɗan lokaci. Sabo da ita ba ya ba da kariya daga urushiyol ko kaɗan. Abin da ake gani a wurin baƙi irinmu, waɗanda ba su tashi a Amurka ba, shi ne jikinsu bai riga ya haddace maiƙon ba, sai su taɓa sau ɗaya, sau biyu, ba su ga komai ba, su yanke hukuncin cewa ba ya kama su. Alhali kowace taɓawa tana ƙara yiwuwar jiki ya koya, kuma ranar da ya koya babu sanarwa. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa kashi 50 zuwa 75 cikin 100 na manya a Amurka yana kama su. Akwai tsirarun da ba ya kamawa, ban musa ba, amma mutum ba ya iya tabbatar da cewa yana cikinsu har abada, tun da akwai waɗanda sai da suka manyanta ya fara kama su.

Ɗalibar Ilimin Tsirrai:
Ina neman izinin sa baki, domin akwai abin da mai yiwuwa ya shafi maganar Baba. Wannan tsiro dangi ɗaya ne da mangwaro da yazawa, kuma ruwan da ke fita a bawon mangwaro da gindin 'ya'yansa yana ɗauke da sinadarai masu kama da urushiyol. A shekarar 2005 an wallafa wani bincike da aka yi a Isra'ila a kan matasan da suka yi aikin tsinkar mangwaro: waɗanda suka zo daga Amurka, inda suka riga suka haɗu da poison ivy ko danginsa, sun feso da ƙuraje, 'yan ƙasar kuwa da suka yi aiki ɗaya da su babu abin da ya same su. Masu binciken sun kawo yiwuwar cewa wanda ya fara sanin mangwaro ta baki, jikinsa yana iya koyon haƙuri da irin waɗannan sinadarai. Hasashe ne suka yi a kan mangwaro, kuma bai kai a dogara da shi a tugi tsiro da hannu ba. Abin da ya tabbata shi ne ɗaya gefen: wanda poison ivy ya taɓa kamawa yana iya samun ƙuraje a leɓe da kewayen baki idan ya gatsi mangwaro da bawonsa, ko da yake tsokar cikin ba ta cika damun kowa ba idan wani ne ya fere masa.

Yazawa ta fi tsanani, domin man da ke cikin kwanson ƙwallonta yana iya sale fata, shi ya sa ake turara ta ko a gasa kafin a fasa. A 1982 a jihar Fensilbaniya mutane fiye da 50 sun fito da irin waɗannan ƙuraje bayan sun ci yazawar da aka shigo da ita daga Mozambik, wadda ɓarɓashin kwanso ya gauraya da ita. A Japan da Sin da Koriya kuma akwai itacen da ake tatsar ruwansa ana shafe akusa da kayan katako da shi don su yi sheƙi, kuma masu wannan sana'a sun daɗe da sanin ciwon, domin urushiyol ɗin ne dai a cikin ruwan.

Dattijon Zaure:
To 'yata, ashe maganata ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Na kuma taɓa jin wani maƙwabcina Ba'amurke yana cewa mutanen da can suna tauna ɗan ƙaramin ganyen a farkon fitowarsa don jiki ya saba. Ina gaskiyar wannan?

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, wannan kam kada kowa ya gwada. Wanda jikinsa ya riga ya koyi maiƙon, idan ya ci ganyen, baki da maƙogwaro suna kumbura, ƙuraje su fito a dubura inda ragowar ke fita, wani lokaci su mamaye jiki duka har sai an kwantar da shi a asibiti. Likitocin Koriya sun rubuta irin wannan da yawa a kan mutanen da suka ci kazar da aka dafa da ɓawon itacen nan da ake shafe akusa da ruwansa. An daɗe ana neman hanyar sabar da jiki ta allura ko ƙwaya, amma abin da ake dogaro da shi har yanzu shi ne kauce wa tsiron da wanke fata da wuri.

Maman Biyu:
Na karɓi bayanin tufafi, Sista, ko da yake har yanzu zuciyata ba za ta bari in taɓa ruwan bororon wani ba. Tambayata ita ce, yaya mutum zai gane tsiron? Ni duk ciyayin jikin shinge iri ɗaya nake ganinsu.

Ɗalibar Ilimin Tsirrai:
Hajiya, wahalar ita ce tsiron ba ya tsayawa a kama ɗaya. Wani lokaci yana yaɗo a ƙasa, wani lokaci ya tsaya kamar ƙaramin kurmi, wani lokaci ya hau itace ko bango. Alamar da ba ta sauyawa ita ce ganye uku a haɗe, na tsakiya yana da ɗan dogon wuya fiye da na gefe biyun, kuma rukunonin ganyen ba sa fuskantar juna a jikin reshe, ɗaya yana sama da ɗaya ne. Bakin ganyen yana iya zama sumul ko da ɗan tsaga. Sabon ganye ja-ja ne, ya koma kore, sannan ya yi ja ko ruwan ɗorawa kafin ya zube. 'Ya'yansa ƙanana ne farare-farare. Wanda ya tsufa a jikin itace yana zama kauri da gashi-gashi na ƙananan saiwoyi, kuma shi ne ke kama mutane a lokacin sanyi, sa'ad da babu ganye, musamman masu yanka itacen wuta. Akwai wani tsiro mai yaɗo da ake yawan rikita su, amma shi ganyensa biyar ne.

Ana samunsa a kusan duk faɗin Amurka da kudancin Kanada, ban da Alaska da Hawai. A gaɓar yamma ɗan'uwansa poison oak ne ya fi yawa, mai ganye uku shi ma amma bakinsa a lanƙwashe. Na ukunsu, poison sumac, ɗan itace ne da ke fitowa a fadama a gabashin ƙasar, da ganye 7 zuwa 13 a reshe ɗaya.

Mai Lambu:
Idan mutum ya lura ya taɓa, me zai yi nan take? A wurinmu akwai masu cewa a zuba bilic, akwai masu cewa fetur, wasu kuma sun ce kada a kuskura a yi amfani da ruwan zafi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Bilic da fetur duka a bar su, domin suna ƙona fata su ƙara ciwo a kan ciwo, kuma fatar da ta ƙone ta fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Abin da ake so shi ne sauri da gogewa. Maiƙon yana fara shiga fata cikin mintoci, saboda haka wanda ya wanke a cikin minti goma na farko ya fi wanda ya jira rabin awa, wanda ya jira rabin awa kuma ya fi wanda ya bari sai ya koma gida. A ɗauke shi kamar baƙin man inji a hannun makanike, sai dai shi ba a ganinsa: sabulun wanke kwanuka, tsumma, ruwa mai yawa, a goge a ɗauraye a sake, a bi tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sifirit ma yana narkar da shi, amma a bi shi da ruwa. Ruwa mai sanyi ko ɗumi-ɗumi ya isa. A yi wanka a tsaye ruwan yana gangarewa, kada a shiga baho a zauna, domin maiƙon yana iya tasowa saman ruwa ya shafi sauran jiki. Ko lokaci ya ƙure a wanke, saboda a kawar da ragowar da za ta shafi wasu wurare. Tufafi a ɗauke su da safa, a wanke su su kaɗai da ruwan zafi da garin sabulu, kayan aiki kuma a goge su da sifirit ko ruwan sabulu.

Ɗan Kalifoniya:
Ina so in ja hankali a kan abin da ya fi duk waɗannan haɗari, wato hayaƙi. Mutumin da ya saba idan ya sassabe ciyawa ya tara ya cinna mata wuta, to kada ya yi haka da wannan tsiro, ɗanye ko busasshe. Maiƙon yana bin toka da hayaƙi, ya sauka a fuska da ido, kuma idan aka shaƙa yana kumbura maƙogwaro da huhu. A nan Kalifoniya poison oak yana cikin abubuwan da suka fi kwantar da masu kashe gobarar daji, duk da irin kayan da suke sawa. Wanda ya shaƙi irin wannan hayaƙi ya fara jin numfashi yana yi masa wuya, ba batun jira ba ne, a kira lambar gaggawa ta 911. Injin datse ciyawa mai igiya shi ma matsala ne, domin yana watsa ruwan tsiron a ƙafa da fuska. Hanyar da ta fi ita ce a sa dogon hannu da takalmi mai rufi, a tuge shi da saiwarsa, a zuba a leda a ɗaure. Safar roba mai laushi irin ta asibiti ba ta isa ba, maiƙon yana ratsa ta. Mai kauri ta binil ake so. Wanda ya fesa maganin kashe ciyawa kuma ya tuna cewa tsiron ne ya mutu, maiƙon yana nan a busasshen reshe. Wasu masu filaye suna hayar garken awaki su cinye shi, sai dai a kiyayi shafa jikin awakin bayan sun gama.

Mai Lambu:
Tsofaffin ma'aikata a wurinmu suna cewa tsiron ya fi yawa yanzu kuma ganyensa ya fi faɗi fiye da da. Ban sani ba ko zancen tsofaffi ne kawai.

Malamin Kimiyya:
Akwai binciken da ya yi daidai da abin da suke faɗa. A wani dajin gwaji na Jami'ar Duke a jihar Karolina ta Arewa, an shafe shekaru ana ƙara wa wani sashe iskar kabon dayoksaid, kuma sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna tsiron ya fi girma a sashen, urushiyol ɗinsa kuma ya fi ƙarfin tayar da ƙuraje. Ban da wannan, tsiro ne mai son bakin daji da gefen hanya, wuraren da gine-gine ke ƙara samarwa.

Maman Biyu:
Mu koma kan magani, don Allah. Lokacin da ya kama maigida an ba shi ƙwayoyi na kwana shida, ya samu sauƙi, amma yana gamawa abin ya dawo har ya fi na farko. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na ɗauka cuta ce mai yaɗuwa.

Mai Harhaɗa Magani:
Hajiya, abin da kika gani sananne ne. Idan ƙurajen suka yi tsanani likita yana ba da firednison ko ɗan'uwansa, waɗanda ke danne garkuwar jiki, amma harin da garkuwar ke kaiwa yana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya huce. Idan aka tsayar da maganin a kwana shida, wutar ba ta gama mutuwa ba, sai ta sake tashi. Shi ya sa likitocin fata da yawa suka fi son a ba da shi na mako biyu ko uku ana rage yawansa sannu a hankali. Wannan hukunci ne na likita, musamman ga mai ciwon sukari ko hawan jini, domin maganin yana ɗaga duka biyun, kuma ba abin da mutum zai sha ragowar na wani ba ne.

Yawancin mutane ba sa buƙatarsa. Ƙananan ƙuraje suna warkewa da kansu cikin mako ɗaya zuwa uku, abin da ake yi kawai shi ne rage ƙaiƙayi: tsumma mai sanyi na minti 15 zuwa 30 sau da yawa a rana, ruwan kalamin, da man haidirokotizon ga wurin da bai yi tsanani ba, ko da yake shi ƙarfinsa kaɗan ne idan bororo ya riga ya fito. Kada a fasa bororo, kuma a yanke farce. Abin da nake yawan hana mutane shi ne shafa man da ke ɗauke da difenhaidiramin, ko benzoken, ko niyomaisin, domin su kansu suna iya tayar da nasu ƙurajen a kan fatar da ta riga ta fusata.

Ma'aikaciyar Jinya:
Na yarda da duk wannan, Malam, sai dai ban ji ka ambaci ƙwayoyin borin jini ba, kuma mu muna ba marasa lafiya shawarar su sha da dare.

Mai Harhaɗa Magani:
Da gangan na tsallake su, Sista. Ƙaiƙayin wannan ciwo ba histamin, wato sinadarin da jiki ke saki a lokacin borin jini, ne ke jawo shi ba, saboda haka ƙwayoyin da ke tare histamin ba sa yi masa abin kirki. Irin waɗanda ke sa barci suna taimakawa ne ta hanyar kwantar da mutum, ba don sun taɓa ciwon ba, waɗanda ba sa sa barci kuwa asarar kuɗi ce a nan. Ga mai tuƙa mota ko mai aiki da inji da sassafe, da kuma tsoho da zai iya tashi cikin dare ya faɗi, ina ganin illarsu ta fi amfaninsu.

Ma'aikaciyar Jinya:
A kan tsofaffi da masu tuƙi muna tare. Amma wanda ya yi dare uku bai runtsa ba yana sosa jiki har jini, barcin kansa magani ne, domin susa cikin dare ce ke buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. A nan kowa ya riƙe ra'ayinsa. Abin da ba mu da saɓani a kai shi ne lokacin da za a bar jinyar gida a je asibiti: idan ƙurajen suka kama fuska ko ido ko al'aura, idan ido ya kumbura har ya rufe, idan suka mamaye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jiki, idan aka ga mugunya ko ɓawo ruwan ɗorawa ko zazzaɓi, ko kuma idan mako uku ya wuce babu sauƙi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Yawancin hotunan da ke cikin takardun wayar da kai na farar fata ne, inda ƙurajen ke fitowa jawur. A baƙar fata jan ba ya bayyana haka. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shunayya-shunayya, sai kumburi da layin ƙananan bororo. Wannan yana sa mutum ya raina abin, wani lokaci ma har mai duba shi ya raina. A faɗa wa likita a fili cewa an yi aiki a cikin ciyayi, kuma a faɗi ranar. Wani lokaci ana ganin baƙin ɗigo a fata ko a tufa wanda ba ya fita da wanki, wannan maiƙon ne da ya yi yawa ya sha iska ya baƙanta.

Maman Biyu:
Wannan ya kawo ni ga tambayata ta ƙarshe. Inda ƙurajen suka warke a hannuna ya bar baƙin tabo, kuma wata ƙawata ta ce in shafa man bilicin ya goge. Shin tabon zai tafi da kansa?

Mai Harhaɗa Magani:
Zai tafi, Hajiya, amma a hankali, sau da yawa sai an yi watanni. Fata mai duhu idan ta kumbura takan zuba launi fiye da kima a wurin, kuma yawan susa da zafin rana suna ƙara masa duhu da daɗewa. Ki riƙa rufe wurin idan za ki daɗe a rana, ko ki shafa man kariya daga rana, ki kuma riƙa shafa mai marar turare don kada fatar ta bushe. Man bilicin kuwa ki bar shi, domin da yawansu suna ɗauke da siteroid mai ƙarfi ko haidirokwinon ko ma sinadarin makuri ba tare da an rubuta a jikin kwalba ba, kuma suna iya sirantar da fatar ko su bar tabon da ya fi wanda ake son gogewa. Idan wata shida ya wuce bai fara dusashewa ba, ki ga likitan fata ya duba, akwai magungunan da yake rubutawa a ƙayyadadden ƙarfi na ƙayyadadden lokaci.